Ƴan Sandan Najeriya: Daga Dogaran Bature Zuwa Ankwa A Hannun Sufeto Janar

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ɗauko kaya daga Kano ya nufo Maraɗi ta Jibiya da Ɗan Isa, ko ya bi ta Daura zuwa Damagaram, ko ya taso daga Sakkwato ta Illela zuwa Ƙwanni, ba ya bukatar a gaya masa ko wane ne ɗan sandan Najeriya. Ya san baƙaƙen kayansu, ya san katakon nan mai ƙusoshi da ake gittawa bisa titi, ya kuma san yadda direba ke rage gudu ya sako hannu ta taga ba tare da an ce masa uffan ba. Abin da ya fita daga hannun direba ba asararsa ba ce, domin ya riga ya lissafa shi cikin kuɗin mota. Alhaji mai kaya ya aza shi bisa kowane buhu, mai sari ya ƙara nasa, daga ƙarshe sai ya faɗo kan tiyar da uwar gida ke aunawa a kasuwa.

Mu a nan gida muna da namu polis da jandarma da gardi da duwan, kuma maganarsu tana da ranarta. Amma tun da yake ciniki mai yawa muke yi da maƙwabtanmu na kudu, mun ga ya dace mu duba inda wannan runduna ta samo asali, da kuma wata tambaya da ba kasafai ake yinta a tasha ba: shin mutumin da ke bisa kan waɗannan ƴan sanda duka, wato Sufeto Janar, wa ke bincikensa?

Sunan Hausawa aka fara sa mata

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, rundunar da muke magana a kanta da sunan Hausawa ta fara. A shekarar 1861 Turawan Ingila suka kama Legas, wadda kakanninmu ke kira Ikko, suka ɗauki mutum 30 don gadin wakilinsu. Bayan shekara biyu, a 1863, wani Bature mai suna Glover ya shiga ɗaukar mutanen arewa da ke zaune a can, akasarinsu bayi ne da suka gudu daga hannun iyayengijinsu Yarabawa, ya ba su bindiga da albashi. Ba dukansu ne Hausawa ba, amma da yake Hausa ce ke haɗa su, sai sunan ya bi su. Da su Glover ya je yaƙin Asante a 1873 da 1874, a ƙasar da ake kira Gana yanzu. Zuwa 1879 rundunar ta kai mutum 1,200, kuma har a takardun gwamnati sunan Hausawa ne a kanta.

Ba don son Hausawa Bature ya yi haka ba. Dabara ce: a sa baƙo ya tsare ɗan gari. Mutumin da ba ya da uwa ba ya da uba a Ikko, wanda ma yana jin haushin mutanen garin saboda bautar da ya sha, ba zai ji nauyin kowa ba in an ce ya buga. Wannan dabara ta daɗe. Har bayan tafiyar Turawa ana ɗaukar mutum daga wani gefen ƙasa a kai shi inda bai san yarensu ba, ya yi aiki cikin mutanen da ba zai haɗu da su wurin biki ko zaman makoki ba.

A wajen kogin Kwara kuma, kamfanin ciniki ne ya kafa nasa. A 1888 kamfanin Royal Niger ya kafa runduna mai cibiya a Lakwaja, aikinta tsare hajar kamfani da hana wasu fatake shiga kasuwar da ya ce tasa ce. A 1894 aka kafa wata a Kalaba. Gwamna Lugga ya haɗe kudu da arewa a 1914, amma ƴan sandan ɓangarorin biyu ba su zama abu guda ba sai ranar 1 ga Afrilu 1930. Daga ranar ne ake ƙirga shekarun rundunar da muka sani yau.

To a lura da kyau. Gadin wakilin Ingila, gadin kayan kamfani, karɓar haraji. Ba a ko'ina cikin wannan tarihi aka ce an kafa ta don ta tsare mai talla ko mai rumfa ba. Ko sunan da Bahaushe ya raɗa wa ma'aikacin, ɗan sanda, ya nuna abin da aka fara gani a hannunsa.

Mata ƴan kasuwa sun ɗanɗana tun da wuri

Iyayenmu mata da ke karanta wannan shafi, ko ake karanta musu, ya kamata su san cewa takwarorinsu na kudancin Najeriya na cikin waɗanda suka fara gwabzawa da wannan hukuma. A ƙarshen 1929 labari ya bazu a yankin Aba da Owerri da Kalaba cewa za a aza wa mata haraji, bayan an ga ana ƙirga su tare da awakinsu. Dubban mata masu sayar da manja da ƙwarar kwakwa suka fito, suka kewaye gidajen hakiman da Bature ya naɗa, suka farfasa kotunan gargajiya. Ƴan sanda da soja suka buɗe wuta, aka kashe mata sama da 50. Harajin dai ba a aza shi ba. A Abekuta kuma, tsakanin 1947 da 1949, matan kasuwa ƙarƙashin jagorancin Funmilayo Ransome-Kuti suka yi ta zaman dirshan a ƙofar fada saboda haraji da ƙwace musu kayan sayarwa, har sai da sarkin garin ya sauka daga gadonsa na wani lokaci. A cikin 1949 ɗin ne ƴan sanda suka harbe masu haƙar gawayi 21 a Enugu saboda sun yi yajin aiki.

A arewa lamarin ya bi ta wata hanya. Sarakuna na da dogaransu masu ja da koren kaya tun kafin zuwan Bature, shi kuwa sai ya bar su. A shekarun 1920 aka fara ba wasu horo da kayan sarki, aka kira su ƴan doka, suna ƙarƙashin En'e. Dattawan Kano da Katsina suna tuna yadda a zamanin siyasar NEPU da NPC ɗan doka kan kama ɗan adawa da safe, alƙali ya ɗaure shi kafin azahar. Wannan ne ya sa da soja suka karɓi mulki a 1966 suka ɗauri aniyar soke ƴan doka, kuma zuwa farkon shekarun 1970 an narkar da su cikin rundunar tarayya. An yi maganin wata cuta, amma an tara ƙarfin duka a hannu guda. Daga lokacin ɗan sandan da ke tsaye a Jibiya ba ya jin maganar sarkin Katsina ko gwamnan jiha kamar yadda yake jin ta mutumin da ke zaune a babban birnin ƙasa.

Ɗan ƙasa na farko da ya riƙe muƙamin Sufeto Janar shi ne Louis Edet, a 1964, shekara huɗu bayan samun ƴancin kai, kuma sunansa aka sa wa babbar hedikwatar rundunar da ke Abuja. Kam Selem mutumin Borno ya gaje shi a 1966. Bakatsine biyu sun riƙe kujerar: M.D. Yusufu daga 1975 zuwa 1979, da Ibrahim Coomassie daga 1993 zuwa 1999, wato duk zamanin Abacha. A tsakanin nan an yi abubuwan da ba a mantawa. A Afrilun 1980 ƴan sandan kwantar da tarzoma suka far wa manoman Bakolori, kusa da Talatar Mafara, waɗanda ke neman diyyar gonakinsu da madatsar ruwa ta cinye. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, mutanen wurin kuwa ɗaruruwa suke faɗi. Ba wani shugaban ƴan sanda da ya tsaya gaban alƙali a kan wannan.

A 1986 wani ɗan fashi mai suna Lawrence Anini ya addabi birnin Benin, har Janar Babangida ya dubi Sufeto Janar Etim Inyang ya tambaye shi ina Anini yake. Da aka kama shi a watan Disamba sai ya tona cewa wani babban hafsan ƴan sanda, George Iyamu, shi ke ba su makamai da labari. Aka harbe su a 1987. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Ranar da aka ga ankwa a hannun Tafa Balogun

Sai da aka shekara 75 da kafa rundunar kafin a ga shugabanta cikin akwatin masu laifi.

A Fabrairun 2002 ƙananan ƴan sanda suka yi abin da ba a taɓa gani ba: yajin aiki. Kukansu shi ne albashi ba ya zuwa kan lokaci, alawus ya maƙale, ƙarin girma ya tsaya, barikoki sun zama kango. Shugaba Obasanjo ya sauke Sufeto Janar Musiliu Smith, a watan Maris ya naɗa Mustafa Adebayo Balogun, wanda aka fi sani da Tafa. Mutanen yankinmu ba baƙonsu ba ne, domin daga Kano aka ɗauko shi, inda yake shugabancin shiyya ta ɗaya, wadda a lokacin ta ƙunshi Kano da Katsina da Jigawa, wato jihohin da kayan Maraɗi da Damagaram ke ratsawa. Mutum ne mai ilimi, ya karanta kimiyyar siyasa ya kuma karanta shari'a. Ya shigo da kirari cewa wuta za a mayar wa ƴan fashi da wuta, kuma shi ne ya kula da tsaron zaɓen 2003 wanda ya ba Obasanjo wa'adi na biyu.

A Janairun 2005 aka wayi gari ya ajiye aiki. Ba a jima ba hukumar EFCC mai yaƙi da masu yi wa tattalin arziki zagon ƙasa ta kama shi. Shugabanta a lokacin, Nuhu Ribadu mutumin Adamawa, shi ma ɗan sanda ne, kuma ƙarami ne ƙwarai a gaban wanda ya kama. Ranar 4 ga Afrilu aka kai Tafa Balogun babbar kotun tarayya da ke Abuja da ankwa a hannu, aka karanta masa tuhuma 70, a kan kuɗin da suka kai kusan naira miliyar 13. A canjin wancan lokaci wajen dalar Amurka miliyan 100 ke nan, sama da miliyar 50 na kuɗinmu sefa.

A wancan zamani takardar naira ashirin ce kuɗin shinge, wadda ke ɗauke da hoton marigayi Janar Murtala, mutumin da ya kori dubban ma'aikata a 1975 da sunan yaƙi da cin hanci. In da za a biya naira miliyar 13 da irin wannan takarda, sai an ƙirga guda miliyan 650. Mu dai ba mu ce daga hannun direbobi kuɗin suka fito ba. Abin da aka tuhume shi a kai kuɗin rundunar ne, waɗanda aka ce an karkatar ta wasu kamfanoni aka sayi gidaje da hannayen jari. Amma ɗan kasuwa ya san lissafi. Kuɗin da aka ware don man mota da gyaran bariki da kayan sawa in suka ɓace a sama, kurtu ba zai zauna da yunwa ba. Zai fito bakin titi. Wanda ya kai ƙara kuma a ce masa ya sayo takarda da biro, ya zuba wa mota mai, kafin a je duba ɓarawonsa. Ta haka satar da aka yi a Abuja ke iso wa tiyar gero.

Shari'ar ba ta kai inda jama'a suka zata ba. Aka yi ciniki tsakanin lauyoyi, tuhumar ta dawo guda 8, ya amsa su. Ranar 22 ga Nuwamba 2005 mai shari'a Binta Nyako ta yanke masa ɗaurin wata shida da tarar naira 500,000 kan kowace tuhuma, jimla naira miliyan 4, tare da ƙwace dukiyar da aka gano. Aka cire kwanakin da ya riga ya yi a tsare, wani ɓangare na sauran kuma a gadon asibiti ya yi shi. Farkon Fabrairun 2006 yana gida. Wata shida, a ƙasar da ɓarawon akuya ke iya shafe shekaru a kurkuku yana jiran a kira shari'arsa kawai.

Duk da haka ba za mu raina abin ba. An karɓo dukiya mai yawa, kuma kowane kurtu ya ga cewa hannun oga ma yana shiga ankwa. Sai dai akwai abubuwa biyu da suka rage wa miyar gishiri. Na farko, masu suka sun lura cewa a 2005 ɗin ne Najeriya ke roƙon ƙasashen Turai su yafe mata bashi, kuma tana bukatar abin da za ta nuna musu. A shekarar aka yafe mata dala miliyar 18. Na biyu, a 2009 kwamitin majalisar wakilai mai kula da harkar ƴan sanda ya shiga tambayar ina dukiyar da aka ƙwato ta shiga, har ya gayyaci Sufeto Janar na lokacin da sabuwar shugabar EFCC su yi bayani. Tafa Balogun ya rasu a Agustan 2022.

Shi kuwa Ribadu, kura ce ta sha bugu. A ƙarshen 2007, bayan Obasanjo ya sauka, Sufeto Janar Mike Okiro ya tura shi kwas a Kuru kusa da Jos, wanda a fakaice cire shi ne daga EFCC. A 2008 aka rage masa girma da mataki biyu, daga baya aka kore shi daga aikin ɗan sanda, ya bar ƙasar. Sai a 2010 aka mayar masa da muƙaminsa, kuma a 2023 Shugaba Tinubu ya naɗa shi mai ba shi shawara kan tsaro. Amma duk wani ƙaramin hafsa da ke kallo a 2008 ya ɗauki darasinsa.

Ƴan kasuwar Apo da kuɗin fansho

A daidai lokacin da ake kai Tafa Balogun kotu, wani abu ya faru a Abuja wanda ya shafi ƴan kasuwa kai tsaye. A daren 7 ga Yuni 2005 ƴan sanda suka harbe matasa shida, maza biyar masu sayar da kayan gyaran mota a kasuwar Apo da wata budurwa da ke tare da su. Washegari aka ce ƴan fashi ne, aka binne su cikin gaggawa. Ba don abokan sana'arsu ba da maganar ta mutu a nan. Ƴan kasuwar Apo suka rufe shaguna, suka fito zanga-zanga, suka ƙi yarda, har gwamnati ta kafa kwamitin bincike. Aka tono gawarwakin, wasu ƴan sanda suka ba da shaida cewa makaman da aka nuna aza musu aka yi. Gwamnati ta nemi gafara ta biya diyya. Hukunci kuwa bai fito ba sai a Maris 2017: ƙananan ƴan sanda biyu aka yanke wa kisa, babbansu mai muƙamin mataimakin kwamishina kotu ta sallame shi don rashin isasshiyar shaida, ya koma bakin aiki.

Su kansu ƴan sandan ba su tsira ba. A Janairun 2013 wani jami'in ofishin fanshonsu, John Yakubu Yusuf, ya amsa cewa da hannunsa cikin wawure sama da naira miliyar 23 na tsofaffin ƴan sanda da matan da mazansu suka mutu a bakin aiki. Alƙali ya ce ko ɗaurin shekara biyu ko tarar naira 750,000. Nan take ya biya ya tafi gida. Sai da aka yi ta hayaniya aka ɗaukaka ƙara, a 2018 kotun sama ta mayar da hukuncin shekara shida da biyan naira miliyar 22.9. Wanda ya gaji Tafa Balogun, wato Sunday Ehindero, shi ma an kai shi kotu a 2012 kan kuɗin da jihar Bayelsa ta ba runduna don sayen makamai, amma a 2019 kotu ta sallame shi.

A 2010 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto bayan ta tattauna da direbobi da ƴan kasuwa da ƴan sanda da kansu. Abin da ta bayyana shi ne, kuɗin shinge ba ya tsayawa a aljihun wanda ya karɓa. Akwai kason da yake miƙa wa na gaba da shi, shi ma ya miƙa sama, kuma wuraren da ke da maiƙo sai an biya kafin a tura mutum. Wanda ya dawo hannu sake, gobe a ɗauke shi daga hanyar. Wannan tsari kowane ɗan kasuwa zai gane shi, domin haya ce, kamar yadda ake kama rumfa.

Wa ke riƙe da akalar?

A takarda akwai masu sa ido. Kundin tsarin mulkin 1999 ya tanadi runduna guda ga ƙasa duka, ya ce shugaban ƙasa ne ke naɗa Sufeto Janar bayan ya ji shawarar majalisar ƴan sanda, wadda ta ƙunshi shi kansa da gwamnonin jihohi. Shi ne kuma shugaban majalisar. Akwai hukumar kula da aikin ƴan sanda, mai ikon ɗauka da ƙarin girma da kora, amma ikon nata ya shafi kowa ban da mutum guda: Sufeto Janar. Bugu da ƙari, dubi waɗanda aka riƙa ba shugabancinta. Mike Okiro daga 2013 zuwa 2018, Musiliu Smith daga 2018 zuwa 2022, Solomon Arase daga 2023 zuwa 2024. Dukansu tsofaffin Sufeto Janar ne. A ganinmu wannan ba ya da bambanci da a ce sarkin fawa mai murabus ne zai riƙa duba sikelin mahauta.

Sai majalisar dokoki. A 2018 majalisar dattawa ta kira Sufeto Janar Ibrahim Idris har sau uku bai je ba. Suka zartar cewa bai cancanci riƙe muƙami ba, ya ci gaba da zama kan kujerarsa har farkon 2019. A 2018 ɗin dai Shugaba Buhari ya umarce shi ya tare a jihar Binuwai saboda kashe-kashe, bayan wata biyu shugaban ya faɗi a bainar jama'a cewa bai san bai zauna can ba.

Waɗanda aka sauke kuwa, ba a kan kukan talaka aka sauke su ba. A Yulin 2009 aka kashe Muhammad Yusuf, shugaban Boko Haram, yana hannun ƴan sanda a Maiduguri ba tare da shari'a ba, kuma mutanen Diffa sun san abin da ya biyo baya. A Yunin 2011 aka tada bam a hedikwatar rundunar da ke Abuja. Sufeto Janar Hafiz Ringim bai sauka ba sai a Janairun 2012, bayan wani babban wanda ake zargi, Kabiru Sokoto, ya tsere daga hannun ƴan sanda, da kuma harin da aka kai Kano ranar 20 ga watan. Suleiman Abba kuma Shugaba Jonathan ya tsige shi a Afrilun 2015, makonni kaɗan bayan ya faɗi zaɓe. Abin da ke sauke Sufeto Janar shi ne ya kunyata wanda ya naɗa shi.

Wanda ya gaji Ringim, M.D. Abubakar, ya ba da umarni a farkon 2012 a kwashe duk shingayen da ke bisa hanyoyi, yana mai cewa sun zama wuraren tatsar jama'a. An ɗan samu sauƙi na wani lokaci. Arase ya sake ba da irin wannan umarni a 2015, Idris ya maimaita a 2017. Umarnin da ake maimaitawa duk bayan shekara biyu ba sai an tambayi ko ya yi aiki ba. Haka batun ƴan sandan da ke gadin manya. A 2018 Okiro da bakinsa ya ce sama da 150,000 ne ke bin masu kuɗi da masu mulki, a rundunar da ba ta kai 400,000 ba. Ga ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato, inda ɓarayin daji suka hana fatake bin hanya, suka kuma koro dubban mutane zuwa jihar Maraɗi, ana neman ɗan sanda guda a rasa.

A Oktoban 2020 matasa suka cika titunan Legas da Abuja suna neman a rusa sashen SARS mai yaƙi da fashi, wanda aka kafa a 1992 ya kuma yi ƙaurin suna wajen azabtarwa da ƙwace. Ranar 11 ga watan aka sanar da rusa shi, ranar 20 aka buɗe wa masu zanga-zanga wuta a Lekki. A 2021 hukumomin Amurka suka ambaci sunan Abba Kyari, hafsan da ake yi wa kirari da gwarzon kama ɓarayi, cikin shari'ar wani ɗan damfara, a 2022 kuma aka kama shi aka miƙa shi ga hukumar NDLEA bisa zargin hodar iblis, zargin da ya musanta. A nan ma daga waje ƙarar ta fara fitowa, ba daga cikin gida ba.

Maganar ba jihohi damar kafa nasu ƴan sanda ta sake tasowa, har Shugaba Tinubu ya zauna da gwamnoni a kanta a Fabrairun 2024. Masu goyon baya na cewa ɗan gari ya fi sanin ɓarawon gari. Masu tsoro kuwa ƴan dokan En'e suke tunawa, suna tambaya ko gwamna zai fi sarki jin kunya. Ga mai ɗauko kaya daga Kano akwai wata tambayar ta daban, wato ko shingen jiha zai maye gurbin na tarayya ne, ko kuwa ƙaruwa zai yi a kansa.

A 2020 aka yi sabuwar dokar ƴan sanda da ta maye gurbin ta Turawa ta 1943. Cikin abubuwan da ta kawo har da wa'adin shekara huɗu ga Sufeto Janar, don kada ya zama ɗan amshin shatan shugaban ƙasa. Amma ƙa'idar aikin gwamnati ta ce duk wanda ya kai shekara 60 sai ya yi ritaya. Kayode Egbetokun, wanda aka naɗa a 2023, ya taɓa zama babban mai tsaron Tinubu lokacin yana gwamnan Legas, kuma shekarunsa za su cika 60 a Satumban 2024. A watan Yuli, saura ƴan makonni, fadar shugaban ƙasa ta aika da gyaran doka cewa Sufeto Janar zai ƙarasa shekarunsa huɗu ko da ya wuce shekarun ritaya. Majalisar dattawa ta yi masa karatu na ɗaya da na biyu da na uku cikin yini guda.